Shin Ko Kun San? Daga Kakangi Zuwa Kaduna: Dokar Fuloti da Tsadar Muhalli

Duk lokacin da kuɗin haya ya tashi, siminti da kwano ake fara ɗora wa laifi, kuma suna da nasu kason. Amma tun kafin a sauke bulo ɗaya, akwai dokar da ta riga ta faɗi inda za a yi gini, da girman fulotin, da hawa nawa za a ɗora, da wanda zai sa hannu. Ita za mu bi sawu a wannan makon, daga yammacin Birnin Gwari har ƙetaren teku.

A fara daga gida

• Shin ko kun san cewa Kakangi ɗaya ce daga mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, tare da irin su Randagi, Kuyello, Dogon Dawa, Kutemeshi da Tabanni? Faɗin ƙaramar hukumar ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato ta fi Jihar Legas girman ƙasa, alhali ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 250 da 'yan kai. Ƙasa ba ta yi kaɗan ba. Wurin da mutum zai kwana hankali kwance shi ne ya yi kaɗan.

• Ko kun san cewa ƙarancin gida a birni sau da yawa daga ƙauye yake tasowa? Shekarun hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankin Kakangi da Randagi. Galibin waɗanda suka gudu ba sansani suka nufa ba. Wasu sun raɓa gidajen dangi a garin Birnin Gwari, wasu sun kama ɗakin haya ko kango a gefen Kaduna. Mutane suka ƙaru, ɗakuna ba su ƙaru ba, sai haya ta hau.

• Shin ko kun san cewa a watan Nuwamban 2024 Gwamnan Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara bayan ta shafe shekaru a rufe? Sulhun da aka yi da 'yan bindigar ya sa wasu sun koma gonakinsu. Sai dai magidancin da ya sa 'ya'yansa makaranta a gari, matarsa ta kama sana'a, ba lallai ya kwashe iyali gaba ɗaya ba. Sau da yawa gona na ƙauye, kwana na gari.

• Ko kun san cewa gandun dajin Kamuku ma keɓe ƙasa ne da doka? An fara killace shi a 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120. Doka ta hana noma da gini a ciki. Da tsaro ya yi rauni, sai masu bindiga suka mai da shi mafaka. Shata layi a taswira ba ya tsare ƙasa idan babu mai duba layin.

Tsarin kaka da kakanni

• Shin ko kun san cewa Bahaushe ya san raba gari kashi-kashi tun kafin zuwan Turawa? Akwai hurumi da ba a ba kowa, akwai filin idi, da maƙabarta, da kasuwa, da burtali da ake bar wa dabbobi tsakanin gonaki. Baƙo ya zo, mai unguwa ya kai shi wurin dagaci, a nuna masa inda zai kafa bukka. Sharaɗin dai guda ne: kada ya toshe hanya, kada ya cuci maƙwabci.

• Ko kun san cewa magina ganuwar Kano sun bar wa jikoki wurin faɗaɗawa? Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga birnin a 1851, ya tarar da gonaki da fili fetal a cikin ganuwa. Unguwanni kuwa sana'a ce ta raba da yawansu: marina a Ƙofar Mata, dukawa a tasu unguwa, maɗinka a tasu, maƙera a tasu.

• Shin ko kun san cewa malaman fiƙihu sun daɗe da rubuta ƙa'idojin gini? Hadisi ingantacce ya ƙayyade faɗin hanya zira'i 7 idan an yi jayayya a kanta. A ƙarni na 14 wani magini na Tunis, Ibn Rami, ya tattara hukunce-hukuncen Malikiyya kan katanga, da indararo, da tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci. A nan gida kuma Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita.

• Ko kun san cewa gidan gargajiya shi ne gida mai rahusa na asali? Zaure ɗaya, sassa da yawa. Yaro ya isa aure, a yanka masa sashe a gefe, a ja danga. Ana gini daidai ƙarfi: ɗaki bana, ɗaki baɗi. Fuloti guda kan ɗauki magidanta uku ko huɗu ba tare da kowa ya ci bashin banki ba.

Abin da Turawa suka shata

• Shin ko kun san cewa a 1917, shekarar da Kaduna ta tsaya da ƙafarta a matsayin hedikwatar Arewa bayan an baro Zungeru, Gwamna Lugga ya kafa dokar da ta kasa garuruwa aji uku? Legas kaɗai ce a aji na ɗaya. Kaduna, Kano da Zariya suna aji na biyu. A lokacin, ajin gari shi ke faɗin irin titi, da ruwa, da tsaftar da zai samu.

• Ko kun san cewa ƙa'idar wancan zamani ita ce a bar yadi 440, wato kimanin mita 400, babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa? Hujjarsu ita ce sauro, da gobara, da ƙarar ganga. A irin waɗannan filaye ne aka riƙa yin filin sukuwa da na wasan golf a garuruwa da dama. 'Yan ƙasa kuma aka ware musu Sabon Gari da Tudun Wada.

• Shin ko kun san cewa fulotin eka guda, irin wanda aka saba gani a tsofaffin unguwannin Turawa, zai fitar da fuloti 8 na ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, har da saura? Turawa sun tafi a 1960, manyan ma'aikata suka gaji gidajen, aka kuma gaji tunanin cewa unguwar kirki ita ce mai ƙaton fili da gida ɗaya tal a tsakiya.

• Ko kun san cewa Kaduna na da cikakken tsarin gari tun 1967? Bature mai tsara birane Max Lock ne ya jagoranci aikin, wanda ya yi hasashen shekara 50, har zuwa 2017. An sabunta shi a 2010. Kano ma ta samu nata na shekara 20 daga 1963. Amma Rigasa ta Kaduna da Kurna ta Kano sun cika sun batse tun kafin mai awon gwamnati ya isa.

Dokar 1978 da 'ya'yanta

• Shin ko kun san cewa a Najeriya ba wanda ya mallaki ƙasa ɗungurungum? Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, don haka gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Ga Arewa ba sabon abu ba ne, domin dokokin 1910 da 1962 sun riga sun shimfiɗa wannan turba.

• Ko kun san cewa gwamna ne ke ayyana inda ake kira birni? Da zarar ya ayyana, ikon fili ya koma ofishinsa. Inda bai ayyana ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama na gargajiya, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. Ke nan gonar manomin ƙauye da fulotin ma'aikacin Barnawa ta Kaduna, ƙofar da za su ƙwanƙwasa daban ce.

• Shin ko kun san cewa sashe na 36 na dokar ya hana yanka gonar gado ta karkara fuloti-fuloti a sayar? Duk da haka awon igiya ne ya samar wa miliyoyin talakawa muhalli a gefen Kano, Kaduna da Zariya. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kafa turaku, mai unguwa ya shaida, a rubuta takardar ciniki. Yana da sauƙi, yana da sauri. Illarsa ita ce kowane taku kuɗi ne a idon mai gona, don haka ba ya son barin titi mai faɗi, balle filin makaranta ko hanyar ruwa.

• Ko kun san cewa idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, ba kuɗin ƙasar take biya ba? Diyyar ta abin da ke kanta ce: gini, amfanin gona, itatuwa. Wannan ne ya sa manomin da birni ya doso gonarsa yake gaggawar yankawa ya sayar, kafin a zo a biya shi kuɗin dawa da mangwaro.

• Shin ko kun san cewa kwamitin gyaran harkar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya yi kiyasin cewa kusan kashi 3 cikin 100 kacal na ƙasar Najeriya ke da rajista? Don rage wannan giɓi Kaduna ta kafa hukumar KADGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta, Kano kuma tana da KANGIS.

• Ko kun san cewa tsara gari aikin jiha ne? Tarayya ta yi dokar tsara birane a 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa wannan hurumin jihohi ne. A Kaduna KASUPDA ce ke ba da izinin gini, a Kano KNUPDA. Ma'ana, rage girman fuloti ko sauƙaƙa izini ba sai an jira Abuja ba.

Lissafin aljihu

• Shin ko kun san cewa adadin gidajen da ake cewa Najeriya ta rasa ba a kan ƙidaya ya tsaya ba? Wasu na cewa miliyan 17, wasu 20, wasu 28. A 2021 ministan gidaje na lokacin, Babatunde Fashola, ya fito fili ya ce alƙaluman miliyan 17 ba su da tushe. Rabon ƙasar da ƙidayar jama'a da gidaje tun 2006.

• Ko kun san ma'aunin da masana ke kira gida mai rahusa? Shi ne wanda bai ci fiye da kashi 30 cikin 100 na samun mutum ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Kashi 30 ɗinsa naira 21,000 a wata, wato 252,000 a shekara. Ga shi kuma mai gida na son kuɗin shekara a dunƙule, dillali na jiran la'ada.

• Shin ko kun san yadda girman fuloti ke yanka farashi? Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce. A cire kashi 30 don tituna da magudanai, saura 7,000. Idan doka ta ce sai fuloti mai ƙafa 50 da 100, iyali 15 za su samu. Idan ta yarda da rabinsa, iyali 30. Titi ɗaya, bututun ruwa ɗaya, turakun lantarki iri ɗaya, amma masu raba kuɗin sun ninka.

• Ko kun san cewa tun 1992 ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikata zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa? Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya na ba da rance daga ciki da ruwan kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. Matsalar ita ce mai lamuni na neman takardar mallaka ta gwamnati, mai fulotin awon igiya kuwa takardar mai unguwa gare shi. Manomi da ɗan kasuwa ma galibi ba su cikin tsarin.

• Shin ko kun san cewa gwamnatin Shehu Shagari ta ƙuduri gina gida 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha da Abuja? Abin da aka kammala bai kai rabin buri ba. A wasu jihohin rikicin jam'iyya ya sa aka ba da fili can bayan gari, inda babu ruwa, babu mota, gidajen suka daɗe ba kowa. Abuja ma, wadda aka tsara a 1979 aka tare a 1991, tsadar cikinta ta tura ma'aikata kwana a Nyanya, da Mararraba ta Nasarawa, da Suleja ta Neja. Rahusar da aka samu a haya sai ta ƙare a kuɗin mota.

• Ko kun san cewa babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da ƙasa aka yi shi? Tubali da azara da makuba suna da sanyi lokacin zafi, kuma kayan a kusa suke. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, da aka kafa a 1978, ta daɗe tana gwada bulon ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan.

Yadda wasu suka yi

• Shin ko kun san cewa birnin Niyok ne ya fara cikakkiyar dokar raba gari shiyya-shiyya a Amurka, a 1916, bayan wani dogon bene ya tare wa maƙwabta hasken rana? A 1926 Kotun Ƙolin ƙasar ta halasta irin wannan doka. Daga nan garuruwa da yawa suka ware mafi yawan filayensu ga gida ɗaya, iyali ɗaya, abin da yau ake ɗora wa alhakin tsadar muhalli a can.

• Ko kun san cewa mutanen Houston sun ƙi dokar shiyya har sau uku a ƙuri'a, a 1948, 1962 da 1993? A 1998 birnin ya rage mafi ƙanƙantar fuloti a tsakiyarsa daga murabba'in ƙafa 5,000, daidai da namu mai 50 da 100, zuwa 1,400. Dubban ƙananan gidaje masu hawa suka tashi a inda a da gida ɗaya ke zaune.

• Shin ko kun san cewa a 2016 birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan ya ba da damar ƙara yawan gidaje a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama, kuma cikin 'yan shekaru izinin gini ya ninka? A 2018 Minneapolis ta Amurka ta amince a yi gida uku a fulotin da a da aka ce ɗaya.

• Ko kun san cewa a Japan gwamnatin ƙasa ce ke tsara nau'o'in shiyya, guda 13 kacal, kuma wanda zanensa ya cika ƙa'ida ba a ja masa rai? Ƙaramin shago a ƙasa, iyali a sama, halas ne ko a unguwar zama. A 2014 Tokiyo ta fara ginin gidaje kimanin 142,000, fiye da Ingila gaba ɗayanta a shekarar.

• Shin ko kun san cewa kusan mutum 8 cikin 10 a Singafo suna zaune ne a gidajen hukumar gidaje da aka kafa a 1960? Dokar 1966 ta ba gwamnati ikon karɓar fili da sauƙi, ana kuma sayar da gidajen kan izinin shekara 99, irin namu. Ikon da dokar 1978 ta ba gwamnoninmu bai yi nisa da wannan ba. Abin da aka yi da ikon ne ya bambanta.

• Ko kun san cewa aikin raya birni na farko da Bankin Duniya ya ba da rance a kansa a Dakar ta Senegal aka yi, a 1972? Ba gidaje aka gina ba. An shata tituna, an kawo ruwa, an yanka ƙananan fulotai na murabba'in mita 150, aka bar kowa ya gina daidai ƙarfinsa. Unguwar, Parcelles Assainies, yau tana cikin mafi yawan jama'a a Dakar, da benaye a inda aka fara da ɗaki ɗaya.

• Shin ko kun san cewa a 1811, lokacin da mutanen Niyok ba su kai 100,000 ba, aka zana manyan tituna 12 da masu gilma su 155 a kan gonaki da duwatsu? Shata titi a gona turaku da ɗan diyya yake ci. Fasa titi a unguwar da ta riga ta cika kuwa sai da katafila da kukan jama'a.

Layin da ba a wasa da shi

• Ko kun san cewa wasu ƙa'idojin rai suke karewa? Kogin Kaduna ya sha cin gidajen da aka gina a bakinsa, kamar a 2003 da 2012. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 da ta Mokwa ta Mayun 2025 sun nuna abin da ruwa kan yi idan ya tarar da gida a hanyarsa. Hanyar ruwa, ƙarƙashin babban layin lantarki, gefen titi da layin dogo, nan ne ya kamata jan fenti ya riga harsashi isa. Zuwa da shi bayan an yi rufi rusau ne kawai.

• Shin ko kun san cewa garin Birnin Gwari, da ke mahaɗar hanyar Kaduna zuwa Legas da ta Funtuwa, yana da damar da Rigasa ta rasa? Har yanzu akwai gonaki a gefensa. Jiha da ƙaramar hukuma da masarauta na iya zama da masu gonakin, a kafa turakun tituna, a ware makaranta, asibiti, maƙabarta da burtali, a halasta rabin fuloti, a ba da takarda a farashin da manomi zai iya. Haka ma Kakangi da sauran garuruwan da mutane ke komawa suna sake gini.

• A ƙarshe, ko kun san tambayoyi huɗu da ya kamata mai sayen fuloti ya yi kafin ya miƙa kuɗi? Awon gwamnati ne ko na igiya? Duk magada sun sa hannu? Ina ruwa ke bi da damina? An bincika a ofishin filaye cewa ba a ware wurin don titi ko wani aikin gwamnati ba? Ta ukun ba dillali ake yi wa ita ba. A je wurin cikin watan Agusta, a tambayi tsofaffin unguwar.